Sauya Jami'a a Tsakiyar Karatu: Yadda Lamarin Yake ga Ɗaliban Nguru da Gashuwa

Sauya jami'a, abin da ɗalibai ke kira tiransifa, shi ne ɗalibin da ya riga ya yi rajista a wata jami'a, ya kuma kammala aƙalla shekarar karatu guda, ya nemi wata jami'ar ta karɓe shi ya ɗora daga inda ya tsaya, tare da lissafa masa kwasa-kwasan da ya ci a can baya. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, sun amince da hakan, kuma kusan kowace jami'a a Nijeriya tana da takardar nema ta musamman domin wannan buƙata. Amma a jami'o'in da ake rububin shiga, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ibadan, da Jami'ar Legas, wannan ita ce ƙofa mafi ƙunci daga cikin ƙofofin shiga, musamman a fannin likitanci da lauya da haɗa magunguna da aikin jinya.

Dalilin ƙuncin kuwa shi ne, jami'a ba ta ware wa masu sauyi wani kaso na guraben karatu kamar yadda take ware wa sababbin ɗalibai. Mai neman sauyi yana jiran gurbin da wani ya bari ne a aji na biyu ko na uku, ko dai saboda faɗuwa, ko janyewa, ko rasuwa, ko komawa wani sashe. In babu gurbi, komai kyawun sakamakon mai nema, babu inda za a sa shi. Wanda ya fahimci wannan tun farko ya huta da yawan zirga-zirga da ɓarnar kuɗi.

Inda batun ya shafi arewacin Yobe

Kafin shekarar 2013, ɗan Nguru ko Gashuwa ko Machina ko Yusufari da ke son digiri sai ya bar yankinsa. Mutanen Nguru sun daɗe suna fuskantar Kano, tun lokacin da layin dogo ya iso garin a 1930 ya mayar da shi matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu, don haka hanyar Haɗeja zuwa Kano da Zariya ita ce hanyar karatunsu kamar yadda take hanyar fataucinsu. Mutanen ƙasar Bade kuma sun raba ƙafa tsakanin Maiduguri, wadda ta sami jami'a a 1975 lokacin da yankin yake ƙarƙashinta, da Zariya, inda Mai Bade Umar Suleiman ya taɓa shugabantar majalisar gudanarwar Jami'ar Ahmadu Bello. Bayan ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, jihar ta kafa jami'arta a Damaturu a 2006. Sannan a 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, tare da takwarorinta na Gusau da Birnin Kebbi, domin kowace jiha ta sami jami'ar tarayya.

Zuwan jami'ar Gashuwa ya sauya lissafin gidaje da yawa. Yaron da a da sai an haɗa masa guzurin tafiya mai nisa, yanzu yana iya karatu daga gidan iyayensa ko gidan dangi. Yarinyar da mahaifinta ba zai bar ta ta tafi Zariya ba, yana iya barinta ta je Gashuwa. Sai dai jami'ar ta soma ne da fannonin noma, da kimiyya, da ilimin koyarwa, da adabi da harsuna, da kimiyyar zamantakewa da gudanarwa, kamar yadda sababbin jami'o'i ke somawa. Daga nan ne wata dabara ta yaɗu a tsakanin ɗalibai da iyaye: a karɓi abin da ya samu a kusa, a yi shekara guda, sannan a nemi tiransifa zuwa babbar jami'a a karanta abin da ake so tun asali. Ana jin irin wannan shawara a ko'ina cikin ƙasar nan, ba a Yobe kaɗai ba. Takan yi aiki a wasu fannoni, amma a fannonin da aka fi nemanta dominsu, nan ne ta fi cin tura.

Baya ga jami'ar, yankin yana da wasu manyan makarantu: Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman a Gashuwa, da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci da koyarwa a Nguru, da kwalejin kimiyyar lafiya ta jiha a Nguru, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Mai Idris Alooma a Gaidam. Ɗaliban waɗannan makarantu su ma sukan yi maganar tiransifa zuwa jami'a, alhali abin da ke gabansu wata hanya ce daban, wadda bayaninta zai zo a gaba.

Me ya sa gurbi yake wuya

A 2025 ɗalibai fiye da miliyan 1.9 suka rubuta jarrabawar shiga manyan makarantu ta Hukumar JAMB, kuma mafi yawansu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Mafi ƙarancin makin da aka amince da shi domin shiga jami'a a wannan shekara shi ne 150. Wannan adadi yana ruɗar mutane, domin shi ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace jami'a tana ɗora nata a kansa, kowane sashe kuma yana da nasa, kuma a sashen likitanci na tsofaffin jami'o'i wanda ya ci 250 ma yakan kwana da fargaba.

A jami'o'in tarayya ana raba guraben sababbin ɗalibai gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin zamani. Yobe tana cikin wannan rukuni na uku, kuma tana cikin yankin manyan jami'o'in Arewa. Wato ɗan Yobe yana da dama a lokacin shigar farko wadda ɗan wasu jihohin ba shi da ita. Abin lura shi ne, wannan rabo na ɗaukar sababbin ɗalibai ne. Idan aka zo maganar sauyi a tsakiyar karatu, hukuncin yana hannun sashe da tsangaya da majalisar malaman jami'a, kuma abin da suke dubawa shi ne gurbi da sakamako. Ɗalibin da ya bar damarsa ta farko ta wuce da niyyar gyarawa ta hanyar tiransifa ya bar wurin da jiharsa ke ba shi fifiko ya koma wurin da ba ta ba shi komai.

Akwai kuma iyakar da ba jami'a ce ta sa ta ba. Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa ita ce ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta, kuma tana ba kowane ɗalibi lambar shaida. Majalisar Ilimin Lauya, wadda ke kula da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya tun 1962, tana yin haka ga tsangayoyin shari'a. Jami'ar da ta zarce adadinta, ɗalibanta ne za su yi zaman jiran gurbi a makarantar lauyoyi, ita kuma tana iya fuskantar dakatarwa. Haka abin yake a haɗa magunguna da aikin jinya. Saboda haka shugaban tsangayar da ya ce babu wuri, sau da yawa gaskiya yake faɗa. Ƙari a kan haka, a jami'o'i da dama ana ɗaukar ɗalibai a ajin farko na likitanci fiye da waɗanda za su haye, sai a tace su da sakamakon ƙarshen shekara. Idan 'yan gida ma ana rage su a bakin aji na biyu, ba a sa ran a buɗe wa baƙo.

A fannoni irin su lissafi, da fiziya, da tarihi, da harsuna, da noma, da ilimin koyarwa, lamarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗalibin kemistiri a Gashuwa da iyayensa suka koma Kano, yana son ya ci gaba da kemistiri a Jami'ar Bayero, buƙatarsa mai ma'ana ce, kuma irinta aka yi tsarin dominta. Wanda yake karanta ilimin halittu yana son ya wayi gari a aji biyu na likitanci a Zariya, shi sauyi biyu yake nema a lokaci guda, na jami'a da na fanni, kuma jami'o'i da yawa ba sa ko karɓar takarda a kan irin wannan.

Abin da ake dubawa

Sharuɗɗa sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma suna canzawa, don haka madogara ita ce sanarwar ofishin magatakardan jami'ar da ake nufa a shekarar da ake nema. Amma akwai abubuwan da suka zama ruwan dare.

Na farko shi ne matsakaicin maki na jimla, wanda ɗalibai suka sani da CGPA. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'i ke amfani da shi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A mai maki 5, 60 zuwa 69 B ce mai maki 4, 50 zuwa 59 C ce mai maki 3, haka har zuwa F wadda ba ta da ko ɗaya. Ana ninka makin kowane kwas da nauyinsa, a tara, a raba da jimlar nauyin kwasa-kwasan da aka yi rajista. Matsakaicin 4.50 zuwa 5.00 shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu. Misali zai nuna yadda kwas guda ke rusa lissafi. Ɗalibin da ya ɗauki kwasa-kwasai shida masu nauyi uku-uku a zango ɗaya, ya ci B a dukkansu, yana da 72 a raba da 18, wato 4.00. Idan ya faɗi ɗaya daga ciki, ya koma 60 a raba da 18, wato 3.33, ya sauko daga babbar daraja ta biyu zuwa ƙarama, ga kuma kwas da ya rage masa a wuya. Tun da shekara ɗaya ko biyu kacal kwamitin zai gani, babu sauran zangunan da za su rufe wannan giɓi. Ɗalibin da ya shiga jami'ar kusa da raini, yana ganin wurin wucewa ne, ya yi sakaci da ajin farko, ya ɓata takardar da ita kaɗai za ta fitar da shi.

Na biyu shi ne asalin cancantar shiga. Jami'ar da ake nema takan koma baya ta duba ko mai nema ya cika sharuɗɗan da ta sa wa nata ɗaliban a wannan fanni: kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko makamantansu, ciki har da Turanci, da darussan da fannin ke buƙata. Likitanci yana buƙatar fiziya da kemistiri da ilimin halittu, kuma jami'o'i da yawa suna so a ci su a zama ɗaya. Lauya a yawancin jami'o'i tana buƙatar adabin Turanci, darasin da makarantun sakandare da yawa a karkarar Arewa ba su da malaminsa, sai yaro ya gane haka bayan ya gama. Wasu jami'o'in har makin JAMB na shekarar da ɗalibin ya shiga sukan duba, su auna shi da nasu ma'aunin na wannan shekara. Tiransifa ba ta wanke abin da ya hana mutum shiga tun farko.

Na uku shi ne kundin sakamako da takardar sallama. Kundin sakamakon karatu ba a miƙa shi ta hannun ɗalibi. Ofishin magatakardan jami'ar da zai bari ne ke aika shi kai tsaye zuwa takwaransa. Tare da shi akan nemi shaidar cewa ɗalibin yana da kyakkyawan matsayi, ba korarre ba ne saboda satar jarrabawa ko rashin ɗa'a ko gazawa, kuma jami'arsa ta yarda ta sake shi. A nan ne lokaci ke tafiya, domin sakamako sai majalisar malamai ta amince da shi kafin ya shiga kundi, kuma kalandar jami'o'i ba ɗaya ba ce. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya ƙara hargitsa ta, har wata jami'ar tana buɗe sabuwar shekara wata tana tsakiyar zango na biyu. Yakan faru a rufe karɓar takardu a can kafin sakamako ya fito a nan. Masu iya magana sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma a harkar kundin sakamako maganar tana nan daram.

Na huɗu shi ne daidaiton kwasa-kwasai. Ƙa'idar NUC ita ce a lissafa wa mai sauyi kwasa-kwasan da ya ci waɗanda suka dace da manhajar sabon wurin kawai, kuma ba za a ba shi digiri ba sai ya yi aƙalla shekarar karatu biyu, wato zango huɗu, a jami'ar da za ta ba shi. Wannan ya sa ba a sauyi zuwa ajin ƙarshe. Sabuwar manhajar da hukumar ta ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ake kira CCMAS, ta sa kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa a kowane fanni ya zama iri ɗaya a duk jami'o'in ƙasar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. A ƙa'ida wannan ya sauƙaƙa sauyi. A aikace sashe ne ke zama ya gwada kwas da kwas, kuma ba abin mamaki ba ne a ce wa wanda ya gama aji biyu ya sake aji biyu, ko a ɗora masa kwasa-kwasan ajin farko da bai yi ba.

Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne Hukumar JAMB. Tun 2017, lokacin da ta ƙaddamar da manhajar CAPS a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, duk gurbin karatun da bai bi ta wannan manhaja ba haramtacce ne a idon hukuma. Sauyin jami'a ma sai an shigar da shi a bayanan JAMB domin sunan ɗalibi ya koma jerin sabuwar jami'ar da sabon fannin. Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima, NYSC, da wannan jeri take aiki. Wanda ya koma wata jami'a da takardar sashe kawai, ko ta hannun wani da ya ce ya san hanya, yana iya gama karatunsa lafiya, sai ranar fitar da sunayen masu hidimar ƙasa ya tarar har yanzu a takarda ɗalibin tsohuwar jami'arsa ne.

Shiga kai-tsaye, da sake jarrabawa

Ga ɗaliban kwalejojin Nguru da Gashuwa da Gaidam, hanyar da ta dace da su ita ce shiga kai-tsaye, wadda ake kira DE. Mai takardar shaidar malanta ta NCE, ko difloma ta ƙasa, ko sakamakon IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko na JUPEB, yana sayen fom a JAMB ya nemi shiga aji na biyu ba tare da rubuta jarrabawar UTME ba. Digirin shekara huɗu sai ya zama uku, lauya ta shekara biyar ta zama huɗu, likitanci na shekara shida ya zama biyar. Bambancinta da tiransifa babba ne: ita jami'a tana ware mata kaso a kowace shekara, ko da kaɗan ne, kuma tana bin tsarin ɗaukar ɗalibai na ƙasa. Malaman makaranta da alƙalai da ma'aikata da yawa a Yobe ta wannan hanya suka sami digirinsu.

Ita ma tana da nata tarko. Ba kowace difloma kowace jami'a ke karɓa ba, kuma ba kowace daraja ba. Tsangayar shari'a ta wata jami'ar tana iya karɓar diflomar shari'a daga kwalejin da ta amince da ita, wata ta ƙi. Kundin bayanan JAMB da ke shafinta na intanet ya jera abin da kowace jami'a ke karɓa a kowane fanni, kuma lokacin karanta shi shi ne kafin a shiga kwalejin, ba bayan an fito ba. Tantancewa kuma ta tsananta. A 2023 hukumar ta bayyana cewa daga cikin takardun masu neman shiga kai-tsaye 148 da Jami'ar Bayero ta bincika, shida kacal ne na gaskiya. Tun daga lokacin ta mayar da rajistar DE zuwa ofisoshinta da cibiyoyinta, ta kuma wajabta a tabbatar da kowace takarda daga makarantar da ta bayar da ita. Ga ɗan arewacin Yobe wannan yana nufin tafiya Damaturu, da kuma bibiyar kwalejinsa har ta amsa wasiƙar tantancewa, domin takarda ta gaskiya ma takan maƙale idan makaranta ba ta amsa a kan lokaci ba.

Hanya ta uku ita ce sake rubuta UTME a fara daga ajin farko. Tana da ɗaci, domin shekara ta tafi, amma ga mai son likitanci ko lauya da gaske ita ce mafi tabbas, saboda tana mayar da shi layin da rabon kashi 35 da kashi 20 ke aiki. Hukumar JAMB ba ta hana ɗalibin da ke wata jami'a sake jarrabawa ba, amma tana buƙatar ya bayyana matsayinsa lokacin rajista, kuma ba a riƙe gurbi biyu a lokaci guda. Hikimar ita ce ya ci gaba da karatunsa har sabon gurbin ya fito a CAPS, kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya kamata kuma a tuna cewa manyan jami'o'in nan ba su kaɗai ke koyar da likitanci ba a yanzu. Jami'ar Jihar Yobe tana da kwalejin likitanci da asibitin koyarwa a Damaturu, tana kuma da tsangayar shari'a; Jami'ar Tarayya ta Dutse tana koyar da likitanci; a 2021 kuma an kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare. Lasisin da hukumar likitoci ke bayarwa iri ɗaya ne ga duk wanda ya fito daga makarantar da ta amince da ita.

Masu dawowa daga waje

Mafi girman gwajin da tsarin sauyin jami'a ya fuskanta a 'yan shekarun nan ya zo ne daga ƙetare. Yaƙin Yukren a 2022, da yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, sun koro dubban ɗaliban Nijeriya gida, kuma da yawa daga cikin na Sudan 'yan jihohin Arewa ne masu karatun likitanci da haɗa magunguna da shari'ar Musulunci. JAMB ta fitar da tsari na musamman domin shigar da su jami'o'in gida, wanda ya haɗa da rajista a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, da gabatar da kundin sakamako, da rantsuwar kotu a kan matakin da ɗalibi ya kai, tare da jaddada sharaɗin shekara biyu. Duk da haka hukuncin ƙarshe ya tsaya a hannun majalisar malaman kowace jami'a, kuma iyakar adadin da hukumar likitoci ta sa ba ta gushe ba. Wasu sun sami wuri, wasu an mayar da su baya da aji ɗaya ko biyu, wasu gwamnatocin jihohinsu sun sake tura su wasu ƙasashen.

Arewacin Yobe yana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma akwai masu tsallakawa karatu Maraɗi ko Damagaram ko Yamai da tunanin dawowa su ƙarasa a gida. Abin da za su fara tabbatarwa shi ne ko Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta san da makarantar kuma tana tantance takardunta. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin jamhuriyoyin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri cikin 'yan makonni a Kwatano. Tun daga nan jami'o'i suka ƙara sa ido a kan duk kundin da ya fito daga maƙwabta, har da na makarantun kirki.

Ƙuncin wannan ƙofa ba a Nijeriya kaɗai yake ba. Jami'ar Harvard ta Amurka takan karɓi masu sauyi kimanin goma sha biyu a shekara daga cikin masu nema fiye da 1,500, kuma ita ma tana sharɗanta shekara biyu a cikinta. Princeton ta rufe ƙofar gaba ɗaya a 1990, ba ta sake buɗewa ba sai 2018. Oxford ta Ingila ba ta karɓar sauyi. Wanda yake so sai ya nema daga farko. Inda abin ya bambanta shi ne Jihar Kalifoniya, wadda tsarin ilimin da ta shimfiɗa a 1960 ya tanadi cewa ɗaliban ƙananan kwalejoji na shekara biyu su haye zuwa manyan jami'o'in jihar, har ana ware musu guraben aji na uku tun daga tushe. Abin da ya fi kama da wannan a Nijeriya shi ne shiga kai-tsaye.

Kuɗi da lokaci

Ko an dace, sauyi yana da farashi. Akwai kuɗin fom, da kuɗin kundin sakamako, da kuɗin gyaran bayanai a JAMB, da zirga-zirga tsakanin Gashuwa da Kano ko Zariya ko Maiduguri sau da yawa kafin magana ta faɗa. Tun 2023 yawancin jami'o'in tarayya sun ƙara kuɗin rajista, kuma fannonin lafiya su ne mafi tsada. Mai sauyi yakan iso bayan an gama rabon ɗakunan kwana, sai ya kama haya a gari. Wanda ke karɓar tallafin karatu na jiha, ko lamunin Asusun NELFUND da aka fara bayarwa a 2024, sai ya sabunta bayanansa, domin asusun makaranta yake biya kai tsaye bisa jerin sunayen da ita makarantar ta tura masa. Tsakanin fita daga jeri ɗaya da shiga wani ana iya rasa biyan zango guda.

Akwai kuma abin da ba a lissafa shi da naira. Ɗalibin da ke kan gaba a ajinsa a Gashuwa, malamai sun san shi da suna, yana kan hanyar daraja ta ɗaya, idan ya koma ajin mutum ɗari uku a wata jami'a zai fara neman gindin zama daga farko, kuma wasu jami'o'in da kwasa-kwasan da aka yi a cikinsu kaɗai suke lissafa darajar digiri. Daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu daga ƙaramar jami'ar da NUC ta amince da fanninta tana buɗe ƙofar digiri na biyu a Zariya ko Ibadan, da guraben tallafin karatu na ƙetare irin na ƙungiyar Commonwealth da na Asusun PTDF, kuma sababbin jami'o'i sukan riƙe zaƙaƙuran ɗalibansu a matsayin ƙananan malamai, daga nan Asusun TETFund ya ɗauki nauyin ƙarin karatunsu.

Dalilan da kwamitocin jami'a suka fi saurara su ne waɗanda ake iya kawo shaidarsu a takarda: rashin lafiyar da ke buƙatar zama kusa da babban asibiti, tare da rahoton likita daga asibitin gwamnati irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, auren da ya mayar da ɗaliba wani gari, sauyin wurin aikin mahaifi ko miji, matsalar tsaro, kamar yadda ta tilasta wa gidaje da yawa a Borno da Yobe a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, ko janye amincewar NUC daga fannin da ɗalibi ke karantawa. Wasiƙar neman sauyi ana rubuta ta ga magatakarda, gajeriya, da dalili guda bayyananne da takardar da ke tabbatar da shi. Har zuwa ranar da wasiƙar amincewa ta fito daga ofishin magatakardan sabuwar jami'ar, kuma sauyin ya bayyana a shafin ɗalibi na JAMB, mai nema ɗalibin tsohuwar jami'arsa ne, kuma wajibi ne ya ci gaba da rajista da shiga aji da rubuta jarrabawa a can, domin a jami'o'i da yawa rashin rajista na zanguna a jere ba tare da izini ba yana jawo a soke sunan ɗalibi.